Tambayoyinku, Amsoshinmu: Lambun Shaƙatawa na Unguwa

Wasiƙun wannan fitowar kusan duka a kan abu ɗaya suke, wato filin shaƙatawar nan da ake warewa a sababbin unguwannin gefen birni. Ana buɗe shi da murna, bayan shekara biyu kuma sai a tarar ya bushe, ko ruwa ya kwanta a cikinsa, ko mutane sun ƙaurace masa. Mun miƙa tambayoyin ga masu aikin renon bishiyoyin cikin gari da masu tsara filaye, ga amsoshinsu. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

Assalamu alaikum. Ƙungiyar mazauna unguwarmu ta dasa bishiyoyi 100 a filin da aka ware mana. Kafin shekara ta zagayo fiye da rabi sun mutu, alhali muna ba su ruwa. Ina matsalar take?
Daga sakataren wata ƙungiyar mazauna unguwa

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin ku sayo ko da dashe ɗaya na maye gurbi, ku tono uku ko huɗu daga cikin matattun ku duba gindinsu, domin yawanci amsar tana ƙarƙashin ƙasa.

Abu na farko, ku duba zurfin da aka binne su. Kowace bishiya tana da wuya, daidai inda jikinta ya fara buɗewa saiwoyi suka fita. Wannan wuyan dole ya kasance daidai da fuskar ƙasa, ko ya ɗan ɗara ta da santimita 2 zuwa 3. Idan aka binne shi, ɓawon da aka halitta don ya sha iska sai ya zauna cikin danshi ya ruɓe, saiwoyi kuma su rasa numfashi. Bishiyar ba ta mutuwa nan take. Ganyenta ne zai riƙa ƙanƙancewa yana rawaya, mai ban ruwa ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara mata ruwa, a nan ya ƙarasa ta. Ramin dashe faɗi ake so ya yi, ninki biyu zuwa uku na dunƙulen ƙasar da dashen ya zo da shi, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin dunƙulen. Kada a sassauta ƙasan ramin, don idan ƙasa ta zauna bayan ruwa bishiyar za ta nutse.

Na biyu, ku duba siffar saiwar. Dashen da ya daɗe a leda ko a tukunya, saiwarsa tana nannaɗewa tana zagaye kanta. In aka dasa shi haka, zagayen zai ci gaba, har saiwa ta shaƙe gindin da kanta bayan wasu shekaru. A cire ledar gaba ɗaya, a warware saiwoyin da suka naɗe, waɗanda suka ƙi warwaruwa a yanke su da wuƙa mai kaifi. Sannan a mayar da ƙasar da aka haƙo daga ramin. Cika rami da taki zalla yana sa saiwa ta lafe a ciki ta ƙi shiga ƙasar da ke kewaye, kuma ɗanyen taki yana ƙone ta.

Akwai kuma wata matsala ta musamman ga sababbin unguwanni. Filin da aka bar muku, sau da yawa a kansa manyan motoci suka yi ta juyawa lokacin gini, a kansa aka jibge yashi aka kwaɓa siminti. Ku ɗauki rodi ku soka bayan an yi ruwa. Idan bai shiga santimita 30 da ƙarfin hannu ba, ƙasar ta daskare, sai an farfasa ta da diga a faɗin aƙalla mita ɗaya kewaye da kowane rami, an kuma tsince ɓaraguzan gini.

Sai ruwan kansa. "Muna ba su ruwa" magana ce mai faɗi. Yayyafi a saman ƙasa kullum ba ya kai wa saiwa. Ga dashe mai kaurin babban yatsa zuwa na tsintsiyar hannu, a ba shi lita 10 kullum a makonni biyun farko, daga nan lita 20 sau biyu ko sau uku a mako har wata uku, sannan sau ɗaya a mako duk lokacin da babu ruwan sama, har shekara biyu zuwa uku. A yi wa gindin kunya ta kewaye shi don ruwan ya tsaya ya nutse a hankali. Ƙasa mai yashi tana son a ƙara yawan zuwa, mai yumɓu tana son a rage. Ku tura yatsa santimita 5 zuwa 10: in da danshi, a jira.

Yanzu ku yi lissafi. Bishiya 100, lita 20, sau uku a mako, lita 6,000 ke nan kowane mako. Wa zai kawo wannan ruwan, da me, kuma wa zai maye gurbinsa ranar da bai zo ba? In amsar ita ce lita 1,200 kawai kuke iya samarwa, to bishiya 20 za ku dasa bana, baɗi ku ƙara 20. A ganinmu wannan lissafin ya fi kowane bikin dashe muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Bayan dashe a shimfiɗa busasshen ganye ko ɓarzajjen itace mai kaurin santimita 5 zuwa 10 kewaye da gindin, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da ɓawo, don kada ya jawo ruɓa da gara. Turke kuwa sai in iska tana kayar da dashen. A ɗaure da tsumma mai faɗi sako-sako, ban da waya, a kuma kwance bayan shekara ɗaya. Wayar da aka manta a jikin bishiya tana cin ɓawo har ta yanke hanyar abinci.

Idan za ku sake dashen, kada ku cika filin da iri ɗaya. Wani masanin bishiyoyi na Amurka, Frank Santamour, ya ba da shawara a 1990 cewa kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na bishiyoyin gari. Ƙaramin fili ba zai iya bin wannan daidai ba, amma iri biyar ko shida sun fi ɗaya, don cuta ko ƙwaro ɗaya kada ya share muku filin a lokaci guda.

Shin akwai wani ma'auni na girman filin da ya kamata unguwa ta samu? Namu bai kai rabin filin ƙwallo ba, wasu na cewa ɓata lokaci ne.
Daga wata malamar makaranta

Malama, ba ɓata lokaci ba ne. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya ba da shawara a 2017 cewa mazaunin birni ya samu koren fili na jama'a mai girman aƙalla rabin hekta zuwa hekta ɗaya (hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ne), cikin nisan mita 300 daga gidansa, tafiyar kamar minti biyar. A 2021 kuma masanin dazuzzukan birni Cecil Konijnendijk ya kawo ƙa'idar da ake kira 3-30-300: mutum ya iya hango bishiya uku daga gidansa, inuwar bishiyoyi ta rufe kashi 30 cikin 100 na unguwa, kuma kada filin shaƙatawa ya wuce mita 300 daga ƙofarsa.

Naku bai kai rabin hekta ba, gaskiya ne. Amma ki lura cewa a duka ma'aunan biyu kusanci ne ginshiƙi. Tsoho mai sanda da uwa mai goyo ba za su tsallaka babban titi don zuwa ƙaton lambu mai nisan kilomita uku ba, amma za su fito su zauna a ƙarƙashin bishiya shida da benci huɗu a bakin layinsu. Abin da ƙaramin fili ba ya jurewa shi ne a ɗora masa komai da komai. Ku zaɓi abu biyu, misali inuwa da wurin zama, da ɗan wurin wasan ƙananan yara, ku bar ƙwallo ga wani filin.

Duk lokacin da aka yi ruwa sai ya kwanta a gefe ɗaya na lambunmu har kwanaki. Maƙwabta suna kukan sauro, wasu sun ce a shafe wurin da siminti. Me kuke gani?
Daga wani mai gida kusa da lambu

Malam, siminti ba ya rage ko ɗigon ruwa, tura shi kawai yake yi zuwa ƙofar wani. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Ruwa mai milimita 30 a kan daɓen siminti mai murabba'in mita 400 yana ba da lita 12,000, kuma duk sai sun nemi hanya cikin ɗan lokaci.

Ku fara gano dalilin kwanciyar. Ku haƙa rami mai zurfin santimita 30 a wurin, ku cika shi da ruwa ku bari ya tsotse, sannan ku sake cikawa ku riƙa auna saukarsa kowace awa. Cikawa ta biyu ce ake aunawa, domin busasshiyar ƙasa tana ruɗin mutum. Idan ruwan yana sauka santimita 2 da rabi ko fiye a awa, ƙasar lafiya take, matsalar ta yawan ruwan da ke gangarowa ce, ko wata magudana ta toshe. In kuwa da ƙyar yake motsi, to ko yumɓu ne, ko ƙasa ta daskare, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso sama. Don tantance na ƙarshen, ku haƙa rami mai zurfin mita ɗaya ku bar shi ya kwana. In kun wayi gari ruwa ya tsattsafo a ciki ba tare da an yi ruwan sama ba, wannan wurin ba zai tsotse ruwa yadda ake so ba, sai dai a fitar da shi ta magudana zuwa babbar kwata.

In ƙasar tana shan ruwa, abin da ya fi shi ne a mayar da wurin kwarin tsotse ruwa da gangan. A sassaƙe shi ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, zurfin santimita 10 zuwa 20, gefensa mai gangare a hankali yadda yaro ba zai faɗa ba. Faɗinsa ya kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na daɓe ko rufin da ke zubo masa ruwa: lita 12,000 ɗin nan a zurfin santimita 15 suna buƙatar murabba'in mita 80. A farfasa ƙasan kwarin, a cuɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, a dasa ciyayi masu dogayen saiwoyi da ke jure jiƙa da fari. A jera duwatsu a inda ruwa ke shigowa don kada ya zaizaye ƙasa, a kuma bar masa mafita a ɗaya gefen saboda ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwarin ya nisanci harsashin kowane gini da aƙalla mita 3, kuma kada ya hau kan ramin masai ko kusa da rijiya.

Game da sauro, yana buƙatar kimanin mako ɗaya zuwa kwana goma a cikin ruwa daga ƙwai zuwa mai tashi. Kwarin da ya tsotse cikin awa 24 zuwa 48 ba ya haifar da sauro. Wanda ya wuce kwana uku yana riƙe da ruwa kuwa, an yi kuskure a gininsa ko laka ta toshe fuskarsa, sai a kankare santimita biyu zuwa uku na sama. Ku duba tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da tukwanen furanni ma, sau da yawa daga nan sauron yake.

Manyan birane sun daɗe da bin wannan hanyar. Curitiba ta ƙasar Brazil ta mayar da wuraren da ambaliya ke ci zuwa lambuna masu tafki tun shekarun 1970, Singafo kuma ta fasa wata magudanar kankare a lambun Bishan ta mayar da ita rafi mai gaɓar ciyawa, aka buɗe a 2012.

Ciyawar filinmu ta ƙare ƙarƙaf a tsakiya inda yara ke buga ƙwallo, da kuma ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Mun sake shukawa sau biyu, ba ta tsaya ba.
Daga wani matashi mai aikin sa-kai

Ɗan'uwa, cuta biyu ce daban-daban. Ta ƙarƙashin bishiya rashin rana ce. Yawancin ciyawar fili tana son hasken rana kai tsaye na awa huɗu zuwa shida a yini, irin su kiri-kiri ma sun fi haka so. Ku daina faɗa da inuwa: ku shimfiɗa ɓarzajjen itace a wurin ku ajiye benci, bishiyar ma ta huta da injin yanke ciyawa da ke gurje mata ɓawo.

Ta tsakiya kuwa tattaki ne ya daskarar da ƙasa. A lokacin da ƙasa ke da danshi amma ba ta caɓe ba, ku huhhuda ta da cokalin lambu mai yatsu, zurfin santimita 8 zuwa 10, tazarar taƙi ɗaya tsakanin huji da huji. Ku baza cakuɗen yashi da ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita ɗaya, ku share shi ya shiga hujin, ku dasa ciyawar, sannan ku killace wurin mako shida zuwa takwas. Mun fi zaton a nan ƙoƙarinku biyu na baya ya lalace: an koma wasa kafin saiwa ta kama. Ku raba filin gida biyu, a gyara rabi yara suna wasa a rabi, ku kuma yi ragar da ake iya ɗagawa don a riƙa sauya mata wuri. Wajen yanka, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar a lokaci guda.

Amma ku san abin da kuke ɗaukar wa kanku. Ciyawa tana shan kimanin milimita 25 na ruwa a mako, a tsananin zafi ma fiye. A murabba'in mita 1,000, lita 25,000 ke nan, fiye da ninki huɗu na abin da dashen bishiya 100 ke sha. Inda ruwa ke wuya, filin ƙwallo na daɓaɓɓiyar ƙasa mai ɗan gangare, kewaye da bishiyoyi, ya fi ciyawar da za ta mutu kowace shekara.

Muna so mu kafa lilo da abin sulu na yara. Wani maƙeri ya ce zai haɗa mana. Me ya kamata mu kula da shi?
Daga wata uwa

Hajiya, kin yi tambaya a kan lokaci, domin gyara bayan an kafa ƙarfe cikin kankare yana da wuya. Yawancin raunukan filin wasa daga faɗuwa suke, saboda haka ƙasan da yaro zai faɗo a kai ta fi kayan wasan muhimmanci. Siminti da kwalta da daɓaɓɓiyar ƙasa ba su dace ba, ciyawa ma ba a dogara da ita don takan ƙare daidai inda ake dira. Alƙaluman da za mu kawo na hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ne. A zuba shimfiɗa mai laushi mai kaurin santimita 30, domin za ta zauna ta koma kamar 23. A wannan kaurin, yashi yana kare faɗuwa daga tsayin mita 1.2 kawai, ƙananan tsakuwa masu santsi mita 1.5, ɓarzajjen itace kuwa har mita 3. Wato in yashi za ku zuba, kada dandamalin da yaro zai tsaya a kai ya wuce mita 1.2.

Shimfiɗar ta fita mita 1.8 ta kowane gefe na kayan wasan. Lilo ya fi haka buƙata: ninki biyu na tsayin da ke tsakanin ƙasa da sandar da aka rataye shi, gaba da baya. Sandar da ke mita 2.4 daga ƙasa tana son fili mai laushi na mita 4.8 a gaba da wani 4.8 a baya, babu benci, babu bishiya, babu hanyar wucewa a ciki. Kada a rataye lilo fiye da biyu tsakanin ginshiƙai biyu, kuma mazauninsa ya zama na roba mai laushi, domin katako ko ƙarfe yana fasa kan yaron da ya gifta.

Ki gaya wa maƙerin wannan ma'auni, ki kuma auna da kanki: kada a bar wata kafa, tsakanin sanduna ko matakala, mai faɗi tsakanin santimita 9 da 23. Irin wannan kafar jikin ƙaramin yaro yana wucewa, kansa ya maƙale. Ko ta gaza 9, ko ta wuce 23. A goge duk wata walda mai kaifi, kada bakin ƙusa ko noti ya fito waje yadda zai kama riga, ƙugiyoyin sarƙa kuma a matse bakinsu ruf. Saman abin sulu a duba shi sosai, don a nan igiyar riga ko gyale ke maƙalewa ta shaƙe wuya. Kankaren da aka kafa ƙafafun a ciki ya kasance a binne ƙarƙashin shimfiɗar.

Ƙarfe a rana yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙoƙi kaɗan, saboda haka abin sulu ya zama a inuwa, ko a yi masa rumfa. A raba wurin 'yan shekara 2 zuwa 5 da na 'yan 5 zuwa 12. Sannan a sa mutum ɗaya takamaimai ya riƙa zagayawa kowane mako da manjagara: ya mayar da yashin da ƙafafu suka kwashe daga ƙarƙashin lilo, ya tsince kwalba da ƙusa, ya girgiza ginshiƙai, ya duba tsatsa a daidai inda ƙarfe ya shiga ƙasa, domin ta nan yake fara ci.

Mai kula da lambunmu yana sare kan bishiyoyi gaba ɗaya duk shekara, yana shafa fenti a wurin saran. Ya ce haka ke ƙara musu ƙarfi.
Daga wani dattijo

Baba, a yi masa magana da lalama ya daina. Bishiyar da aka guntule kanta tana fitar da toho da yawa don ta ceci ranta, shi ya sa ake ganin kamar ta ƙara ƙarfi. Amma waɗannan rassan a fatar itacen kawai suke liƙe, a gefen babban rauni da ke ruɓewa, kuma su ne ke karyewa a iska bayan sun yi nauyi. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara, tsohuwa ma ƙasa da haka.

Reshe mai nauyi sara uku ake yi masa da zarto. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 30 daga jikin bishiya, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farko, har reshen ya faɗi ba tare da ya yage ɓawo ba. Na uku a cire guntun da ya rage daidai wajen kumburin da ke gindin reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan bishiya ke rufe rauninta. Fenti ba ya hana ruɓa, yakan ma riƙe danshi a ciki. A bar wurin ya sha iska.

Lambunmu ya zama maɓoyar ɓata-gari, mata da yara sun daina zuwa. Mun tara kuɗi za mu ɗaga katanga mu sa ƙofa ɗaya.
Daga wata shugabar ƙungiyar mata

Hajiya, muna roƙonku ku dakata da katangar. Mai mugun nufi yana son inda ba a ganinsa, mace kuma tana tsoron inda ba a ganinta kuma mafita ɗaya ce. Doguwar katanga mai ƙofa ɗaya ta biya wa na farko buƙata, ta ƙara wa ta biyu tsoro. Lambun Bryant a birnin New York ya taɓa zama matattarar masu sayar da ƙwaya. Da aka sake buɗe shi a 1992, cikin gyaran da aka yi akwai cire shingayen da ke tare gani, da ƙara hanyoyin shiga, da zuba kujerun da mutum zai iya ɗauka ya zauna inda yake so. Jama'a suka dawo, yawansu ya zama tsaro.

Ku tsaya a bakin titi ku duba: ana hango ɗaya ƙarshen lambun? A rage duk wani shinge na shuke-shuke zuwa ƙasa da mita ɗaya, a ɗage rassan manyan bishiyoyi zuwa mita 2 ko 2 da rabi, don ido ya wuce ta tsakani. In shinge ya zama dole saboda dabbobi ko mota, a yi na sanduna da ake gani ta ciki, da ƙofa aƙalla biyu a ɓangarori daban-daban. Fitilu su bi hanya da ƙofofi, su yi haske daidai wa daida. Fitila ɗaya mai tsananin haske tana kashe ido, ta mayar da bayanta duhu ƙirin. A sa su ƙasa da rassan bishiya, in masu aiki da hasken rana ne kuma a tabbatar inuwa ba ta rufe faifan ba.

Hanyar tafiya ta kai faɗin mita 1.8 don keken guragu biyu su iya giftawa, gangarenta kada ya wuce 1 cikin 20. Inda ƙafafun mutane suka riga suka fitar da turba, a nan za a shimfiɗa hanyar. Benci mai majingina da madafar hannu yana kawo tsofaffi, su kuwa suna daɗewa a zaune kuma sun san kowa. Shara da fasasshiyar fitila a gyara su cikin kwana ɗaya ko biyu, don wurin da aka ga an bar shi haka nan ake ƙara lalatawa.

Nawa ne nisan da ya kamata a bari tsakanin bishiya da katangar gida? Kuma za a haƙa ramin bututu kusa da wata tsohuwar bishiya a filinmu.
Daga wani magini

Malam, yawancin saiwar bishiya tana cikin santimita 60 na saman ƙasa, tana kuma bazuwa nesa da inda rassa suka tsaya. Ƙaramar bishiya a ba ta mita 3 daga gini, matsakaiciya mita 5 zuwa 6, babba mita 8 zuwa 10. Dangin ɓaure, irin su cediya da durumi, a nisanta su ƙwarai daga bututu da ramin masai, a kai su tsakiyar fili inda inuwarsu za ta yi amfani.

Game da tsohuwar bishiyar, ƙa'idar da ake bi a Birtaniya tana da sauƙi. A auna kaurin jikinta daga gefe zuwa gefe, ba kewayensa ba, a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, a ninka sau 12. Mai kaurin santimita 50 tana buƙatar da'ira mai nisan mita 6 daga gindinta, wadda ba a haƙa a ciki, ba a jibge kaya, mota ba ta shiga. In bututun dole ya ratsa, a haƙa da hannu, a bi da shi ta ƙarƙashin manyan saiwoyi maimakon a datse su. Illar datse saiwa takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, lokacin an manta da ramin.

An fara kafa fegi a wani ɓangare na filin da taswirar unguwarmu ta nuna na shaƙatawa ne. Me za mu yi?
Daga wasu mazauna unguwa

Ku hanzarta, don da zarar harsashi ya fito magana ta ƙara tsawo. Dokokin filaye sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma matakin farko ɗaya ne: ku nemi kwafin taswirar da hukumar tsara birni ta amince da ita, mai hatimi. Taswirar talla da mai sayar da filaye ya raba ba hujja ba ce mai ƙarfi. Ku binciko sunan da ke kan takardar filin, ko na hukuma ne, ko na kamfanin da ya yanka unguwar, ko na ƙungiyarku, domin wannan ne zai nuna wa za ku tunkara. Ku ɗauki safiyo mai lasisi ya gano duwatsun iyaka, ku ɗauki hotuna masu kwanan wata, ku rubuta ƙorafi da sa hannun mazauna, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kada ku tumɓuke fegin da hannunku, hakan na iya juyar da ƙarar a kanku. In aiki ya ci gaba, lauya zai iya neman kotu ta dakatar da shi kafin a yanke hukunci.

Irin wannan fafutuka tana yin nasara. A 1989 Wangari Maathai, 'yar fafutukar kare muhalli ta ƙasar Kenya, ta tsaya kai da fata a kan shirin gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru na birnin Nairobi, har aka yi watsi da shirin. Muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 ma, a sashe na 11.7, sun nemi kowa ya samu koren fili na jama'a nan da 2030, kuma kuna iya ambata wannan a takardarku.

Kafin a kammala shari'ar takardu, ku riƙa amfani da ɓangaren da ba a taɓa ba. Ku kafa allo mai sunan lambun da lambar filin kamar yadda take a taswira, ku dasa layin bishiyoyi mita ɗaya daga cikin iyakar da safiyo ya tabbatar, daidai adadin da kuke iya ba wa ruwa, ku kuma buɗe littafin da ake rubuta ranakun aiki da kuɗin da aka kashe, don lauyanku zai nemi ganinsa.